Abin da Nake Koya wa Lijon a Arkansas

Zuwa ga Yaya Neibaj,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna da mutanen Jaluit? Ki lura, da hannuna na rubuta wannan.

Muna lafiya, sai dai makarantar da 'yata Lijon ta samu ta hanyar ƙuri'a ta dakatar da ita. Malama na yi mata faɗa, ta sunkuyar da kai bisa tarbiyyarmu, aka ce raini ne. In ta sake, ta rasa gurbinta.

Na saka kwat na je da kaina. Shugabar ta ce, "Malam Jibas, nan ido ake kallo."

Kullum nakan zaunar da ita ta kalle ni. Ta fara iyawa, ni ne ke kawar da kai.

In mun dawo ta kalli Inna cikin ido, kada a dake ta. Ni na koya mata.

Ƙaninki,
Jibas Lanwi