Miyar Kifin da Ba ta Ammachi Ba

Kottayam, 9 ga Satumba

Zuwa ga yayana Kuriyan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Aleyamma da yara, ya kuma ba ku juriyar zafin Kuwait. Mu nan ruwa ya ɗan tsagaita, ƙafar maigidana ma ta warware. Mahaifiyarmu Ammachi jikinta ƙalau, mantuwar ce dai kullum gaba take yi.

Ka san abincin taro na Lahadin farkon wata, da kowa ke kawo tukunyarsa a ci tare bayan sujada a coci. Shekara talatin miyar kifin Ammachi ake fara kwashewa, masu kawo rogo har rige-rigen ajiye kwanonsu kusa da ita suke yi. Tun bikin Ista abin ya lalace. Ta taɓa zuba gishiri sau uku, ta taɓa mance tsamiya, a watan jiya kuwa sukari ta zuba. Mutane na ɗiba don kunya, su ture a gefen ganyen ayaban da ake cin abinci a kai. Sai Tankamma, shugabar zumuntar mata, ta ja ni gefe, wai don Allah kada in ji haushi, tsohuwa ta huta haka, ta riƙa kawo ayaba. Ayaba fa, Yaya! Abin da gwauraye ke saye a bakin hanya don kada su shigo hannu rabbana.

Na kasa faɗa mata. Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. Ranar Asabar na dafa tawa miyar a gidana, ranar Lahadi da safe tana wanka na zubar da tata, na juye tawa cikin tukunyar ƙasar nan tata. A wurin taron, kafin ka ce kwabo an sharce ta tas. Limamin coci ya ce hannun Ammachi ya dawo, Tankamma har da tafi. Ni sai murna nake, na manta ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ammachi ta lakato ragowar da yatsa ta ɗanɗana. Matar da ke kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu, ashe harshenta bai manta komai ba. Ta dube ni, ta kira ni da sunana na gaskiya, Sosamma, ta ce a hankali, wai har yanzu ba na barin albasa ta soyu. Da muka isa gida ta miƙo mini tukunyar, wai in tafi da ita, ta gane.

Yau kwana takwas ba ta shiga madafa ba. Tana zaune a baranda, hannuwa bisa cinya. Na durƙusa na roƙi gafara, ta ce ai ban yi laifi ba, miyar ta yi daɗi. Sau biyu ina mayar da tukunyar, tana sa a dawo mini da ita. Kullum ina addu'a ta manta wannan kamar yadda take manta sauran abubuwa, amma shi kaɗai ta riƙe. Wallahi ban san abin yi ba, zuciyata ta karye.

In ka kira ta, wataƙila ka ce kana marmarin miyarta, ko za ta tashi ta hura wuta. Amma in ba har zuciyarka ba, kada ka faɗa. Wannan ma za ta ɗanɗano shi.

Ka gaida Aleyamma, da Ittan, da 'yar auta Kunjumol. Kawu Varki yana gaishe ka. Ubangiji ya tsare ku.

Taka ƙanwa,
Sosamma