Na Buɗe wa Asabe Ƙofa, Umma

Zuwa ga mahaifiyata kuma malamata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa a durƙushe, irin wadda kika koya mini, ina fatan wannan takarda za ta same ki a duk inda hankalinki ya tafi. Kina ɗakin da ke jikin nawa a gidanmu na Doka, ina jin tarinki ta bango, amma wadda nake rubuta wa ita ce Umman da na sani a da, mai soke jan biro a ɗankwali. Ita nake nema, don na yi wani abu da littafinta, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ita.

Zan sa takardar a shafinki na intanet, saboda ɗalibanki sun ishe ni da tambayar ina kika shiga. To, ga amsa. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ba ya komawa baya.

Kin san yadda mutane suka ɗauke ki tun farko. Ma'aikaciyar gwamnati, mai buga takardu a ofis, mai aure da 'ya'ya, sai ga ta tana rubuta labaran gawa da marasa hankali da gidajen da ake ɓoye abin kunya. Sa'o'inki suna rubuta soyayya, ke kina hana mutane cin abinci. Masu sayar da littattafai a Babbar Kasuwa ƙarƙashin tebur suke ajiye naki, sai an tambaya su zaro, amma kullum su ne ke fara ƙarewa. Ana ce miki mai labaran tsoro, kina cewa ke ba ki taɓa rubuta aljani ko ɗaya ba, mutane kawai kike rubutawa, kuma sun isa.

Ina tuna ajinki na ranar Asabar a garejin Abba, bayan ya rasu an sayar da motar. Benci na aro daga Islamiyya, fanka mai kuka, matasa da matan aure da wani tsohon ɗan sanda mai son rubuta tarihinsa. Kowa ya karanta nasa a tsaye, ke kina zaune kin rufe ido. Idan kika buɗe ido kafin mutum ya gama, ya san ya shiga uku. Maganarki guda ce, har mun haddace ta: "Kada ki buɗe ƙofar da labari bai buɗe ba. Tausayinki ki kai wa maƙwabta, mai karatu gaskiya ya zo nema."

Ni ce na fi kowa shan wannan magana, don ni duk wanda na jefa a wahala a shafin farko sai na ceto shi kafin na ƙarshe. Takardata takan dawo jajawur kamar an yanka kaza a kanta. Kuma ni 'yar fari ce, ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa yaba mini a gaban mutane ba, kunya ba za ta bar ki ba. A gida ni ce "ke", a aji ni ce "waccan ta bakin ƙofa". Na san al'ada ce, ban taɓa riƙe ki ba. Amma na sha komawa ɗaki ina so a ce sau ɗaya kin manta kin kira ni.

Sai Asabe. Don waɗanda ba su karanta littafin ba, ki yi haƙuri in ɓata musu. Asabe mace ce da hankalinta ya taɓu, 'yan'uwanta suka rufe ta a ɗakin ajiya na ƙuryar gida don kada unguwa ta sani, suna miƙa mata tuwo ta taga. Daga baya aka raba gado, kowa ya kwashe kayansa ya tashi, kowanne yana zaton makullin yana hannun ɗan'uwansa. Littafin ya ƙare tana ƙwanƙwasa ƙofa a gidan da babu kowa. Nan kika ajiye biro.

Shekara da shekaru ana roƙon ki ki rubuta ci gaba. Ina tare da ke ranar da wata mata ta tare mu a layin 'yan tumatir, ta riƙe gefen mayafinki tana cewa don Allah Hajiya ki buɗe wa Asabe. Kika ce mata: "Ba ni na rufe ta ba. Ki je gida ki leƙa naku ɗakin ajiyar." Na ji kunya ranar, na ga kamar kin yi tsauri. Sai da muka hau mota kika gaya mini cewa kina yarinya, hanyarki ta makaranta takan bi ta bayan wani gida da ake jin bugun ƙofa daga ciki, manya suna wucewa kamar ba su ji ba, har ranar da bugun ya daina.

Umma, yanzu ke ce kike jin bugun.

Da la'asar yake zuwa miki. Kina zaune lafiya, sai ki ɗaga kai ki karkata kunne, ki ce a yi shiru. Daga nan sai neman makulli. Ki zazzage durowa, ki juye kwandon albasa, ki laluba aljihun rigunan Abba da ke cikin akwati. Kin manta sunayen jikokinki, kin manta kin taɓa rubuta littafi, har ni kina ce mini "baiwar Allah", amma Asabe ba ta fita daga kanki ba. A wurinki ita maƙwabciya ce da aka bari da ƙishirwa, kuma ke kaɗai ce kike jin ta.

Wata rana kika fice ba wanda ya gani. Wani tela da ya san ki ne ya tsince ki can wajen Kawo, ba takalmi, kina bin gidajen mutane kina buga ƙofa kina tambaya ko a nan aka rufe ta. Ya sako ki a keke mai ƙafa uku ya kawo ki. A makon na baro gidana na Katabu na dawo nan, mijina ya ce in zauna har yadda Allah Ya yi. Na sayo kwado na sa a ƙofar gida, makullin yana ɗaure a bakin zanina.

Kin san abin da ya biyo baya, ko da yake ba ki sani ba. Idan kin nemi makulli kin rasa, sai ki je ƙofar gidan ki tsaya kina bugawa da tafin hannu, a hankali, ba ihu. Ni ina kicin ina jin ki. Na san inda na taɓa karanta wannan bugun, na kuma san wanda makulli yake hannunsa a wannan karon. Babu abin da ya taɓa tsorata ni a duk littattafanki kamar wannan.

Kawu Sale, ƙaninki, ya zo ya ce abubuwan da kika daɗe kina kira da alƙalami ne suka amsa. Ya kawo malami ya yi miki ruƙiyya, ban hana ba, wa zai ƙi addu'a. Kin zauna da ladabi kina cewa amin, da malamin ya gama kika tambaye shi ko yana da makulli. Sai Kawu ya ce a tattara littattafan a ƙona, ke kuma a riƙa rufe ki a ɗaki idan abin ya tashi, don kada unguwa ta yi ta kallonmu. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na dai ce masa littafi ba za a ƙona ba, ɗaki kuma ba za a rufe ki ba ina numfashi. Har yau bai sake takowa gidan ba.

Na gwada gaskiya, tunda ita kika ce a ba mutane. Na riƙe hannunki na ce miki Asabe labari ce, ke kika ƙirƙire ta da kanki. Kika kalle ni kamar na mare ki, kika ce: "Ni na rufe ta?" Ranar ko ruwa ba ki yarda kin sha ba, kin ce ba za ki sha ba ita tana can. Ban sake gwadawa ba.

To, ga abin da na yi. Na ɗauki biro na rubuta wa littafinki wani ƙarshen. Na kawo wata mai sayar da koko da ta ji bugun tana wucewa, ta ajiye bokitinta, ta kira kafinta ya ɓalle kwadon. Na sa ta ba Asabe ruwa kaɗan-kaɗan, ta yi mata wanka, ta shafa mata man kaɗe a kai tana tsefe mata gashi a rana. Duk layin da na rubuta ina jin ki a kunnena kina tsaki. Na san daga ina mai kokon ta fito, daga tausayina ta fito, labarin bai kira ta ba. Na cusa takardun a bayan littafin, na jira la'asar.

Da kika fara karkata kunne, na shimfiɗa tabarma a baranda na ce ki zo ki ji labarin Asabe. Kika zauna. Ina fara karatu kika rufe ido, kamar a gareji. Ina karatu ina satar kallonki, ina jiran ki buɗe. Ba ki buɗe ba har na kai ƙarshe.

Sai kika miƙa hannu saman ɗankwalinki kina laluben biron da babu. Kika ce, da muryarki ta da, wadda na yi wata da watanni ban ji ba: "Wannan ƙarshen ba na littafin ba ne. Hannun Hauwa'u ne. 'Yata ce. Tun tana ƙarama ba ta iya barin mutum a wahala, na yi faɗan har na gaji." Kika ɗan yi murmushi, kika ƙara da cewa: "Amma wurin tsefe gashin nan ta iya. Kada ki gaya mata."

Umma, ban gaya mata ba. Na zauna a gabanki ina baiwar Allah, na haɗiye kukana, don na san da kin gane ni da ba ki faɗa ba.

Daga nan muryar ta tafi. Kika kama hannuna kika tambaye ni ko da gaske an buɗe. Na ce an buɗe. Kika ce ta sha ruwa? Na ce ta sha. Kika ce alhamdu lillahi, kika karɓi kofin kunu kika shanye, ranar ba ki je ƙofa ba.

Washegari da la'asar kika sake jin bugun. Na sake shimfiɗa tabarma. Haka muke yi yanzu kullum, wata rana ya yi aiki, wata rana ki tashi a tsakiyar karatu ki tafi ƙofa, in bi ki in tsaya a bayanki da makulli a zanina. Ba ki sake kiran sunan ba. Ban sani ba ko na kyauta miki ko na ci amanar aikin da kika yi rayuwarki a kansa. Ɗalibanki su kwantar da hankali, ba zan buga wannan ƙarshen ba, littafin zai tsaya yadda kika bar shi. Wannan na mutum ɗaya ne.

Ki yafe mini ƙofar da na buɗe, ki yafe mini wadda na rufe.

Allah Ya sassauta miki, Ya sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi. Allah Ya jiƙan matar da kika ji tana bugu kina yarinya, Ya sa duk wanda ke bayan wata ƙofa a garin nan ya samu mai jin sa. Ya ba ni haƙurin la'asar ta gobe. Amin.

Taki har kullum,
waccan ta bakin ƙofa,
Hauwa'u