Na shafe bangon Gwaggo da siminti

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku zage ni. Zagin ma na riga ku, kullum ina yi wa kaina. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni mai zane ce, irin wanda ake yi da launi a kan ƙyalle a rataye a bango. Ina zaune a Yamai, amma asalina wani ƙauye ne a yankin Dungas. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. A wajenmu idan an gama girbi mata kan sake yaɓen ɗakunansu, kowace ta shafe nata sumul ta kama gabanta. Gwaggo kam ba ta iya ganin bango haka ta ƙyale shi. Tun yaɓen yana ɗanye take sa yatsu uku ta ja, ta karya, ta dawo, idan ya sha iska ta bi shi da farar ƙasa da jar ƙasa da baƙin gindin tukunya. Kuma ba ta maimaita na bara. Wata shekara sawun zabi ne, wata shekara gurbin da igiyar guga ta ci a itacen bakin rijiya. Shekarar da mijinta, Malam, ya rasu layi ɗaya tak ta ja, ya zagaye ɗakin, ta ƙi haɗa bakinsa. Maƙwabta su leƙo su yi dariya, su ce Gwaggo ba ta rasa abin ɓata lokaci. Badi sabon yaɓe ya rufe shi, shi ke nan.

Da na shiga lise, wato babbar sakandare, a Magariya na samu salula mai ɗaukar hoto, duk hutun da na zo sai na ɗauki bangon, ba da wata niyya ba wallahi. Daga baya a Yamai na yi ta zana abin kaina, ba wanda ya kalla sau biyu. Ran nan don takaici na buɗe tsoffin hotunan na kwafe guda a kan ƙyalle, shi ne mutane suka tsaya. Na ƙara wani, na ƙara wani, sai ga ni a baje kolin zane, sai ga ni a rediyo. Da aka tambaye ni inda na samo wannan salo, na buɗe baki na ce ai na gargajiya ne, ba mai shi, ni ce na raya shi. Ba mai shi fa na ce. Matar da ta goya ni tana raye, da yatsunta goma, na ce ba mai shi. Me ya hana ni faɗin sunanta? Tsoro ne, kada a ce to ke me kika iya. Tambayar da ni kaina ba na son jin amsarta ke nan.

Sai bara wata malamar jami'a ta neme ni. Littafi take rubutawa kan matan ƙasar nan masu zane da tarihi ya tsallake, ta ce babi guda nawa ne, don a saninta ni ce mace ta farko daga yankinmu da ta yi irin wannan aiki. Na karɓi yabon, har da sunkuyar da kai irin na masu kunya. Sannan ta ce tana so ta je ƙauyenmu ta ga inda na tashi. Ni kuwa na san da ta sa ƙafa a ɗakin Gwaggo ba sai an yi mata bayani ba.

To ga abin da na yi, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Na hau mota na tafi gida, na sayi siminti a Magariya, aka kai a amalanke, na ɗauko magini. Na ce wa Gwaggo ta tsufa da wahalar yaɓe duk shekara, zan hutar da ita. Aka kankare bangon, aka shafe ciki da waje. Gwaggo na tsaye tana kallo. Da simintin yana ɗanye na ga ta matsa a hankali ta ɗora yatsunta uku, sai maginin ya ce, "Iya, janye hannu, wannan ba laka ba ce, cin fata yake." Ta janye, ta goge a zanenta. Mata suka cika gidan suna guɗa, suna cewa riƙo ya yi rana. Ita ma ta dafa kaina ta sa mini albarka, ni kuma na durƙusa na karɓa ba kunya. Wace irin mutum ce ni?

Bana an gama girbi, kowa ta yi yaɓenta, Gwaggo na zaune. Shingen gidanmu na kara ne, ba wani bango, kuma matan yanzu ba mai son a yi mata zane a ɗaki. An ce mini takan tashi ta shiga ɗakin ta fito, ta sake shiga, kamar mai neman abin da ta ajiye. Ni ma a nan haka nake. In ɗauki launi in ajiye, in zauna in tashi, ga hotunan da nake kwafa sun ƙare, sabo kuma ba zai sake zuwa ba, da hannuna na toshe.

Malamar ta sa ranar tafiya, mako mai zuwa ne, daga nan littafi ya tafi wajen bugawa. Shekaranjiya na kira gida in ce a shirya wa baƙuwa. Gwaggo ta karɓi salular, ta tambayi ko baƙuwar na cin tuwon gero, ta tambayi sanyin Yamai. Har zan kashe sai ta ce ashe wata jikarta ta nuna mata hotunan aikina tun kafin zuwan magini. Ta ce:

"Ɗiyata, na gane su duka, har na shekarar rasuwar Malam. In baƙuwar ta tambaye ni, me kike so in ce? Ki gaya mini tun yanzu, kada in ɓata miki."

Ba faɗa, ba gori. Tana tsaye sanda ake kankare bangon, ta san dalili, kuma ta sa mini albarka.

Idan na faɗi gaskiya, sunana ya zube a Yamai, kuma duk wanda ya rataye aikina a gidansa zai san ƙarya na yi masa. Idan na yi shiru, za a buga littafin matan da aka manta, babu ita a ciki, kuma da bakinta za ta taya ni. Na ce mata zan sake kira, har yanzu ban kira ba, kuma na san tana jira. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?