Fuskar Nicanor

Unguwar Guerrero, Birnin Mexico
Agusta

Zuwa ga Yayata Casilda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Don Ramiro da yara. Yaya ƙafar taki? Har yanzu tana kumbura in hadari ya haɗo? Kada ki sa wa ranki damuwa don ba ki zo jana'iza ba. Na san da ƙafar ta bar ki, da kin zo ko da rarrafe ne.

Kin ce in faɗa miki yadda abin ya faru. Rediyo ya riga ya ba ki nasa labarin, cewa Zakaran Tagulla, ɗan kokawar da ba a taɓa cire wa hula ba, ya rasu. Ni labarin mijina Nicanor zan ba ki.

Zuciya ce. Ya ɗan kwana biyu a asibiti, har ya fara samun sauƙi. Ranar da ya rasu, da safe ya ce mini, "Minia, ruwan wanke-wanke suke ba ni a nan. Je ki dafo mini romon kaza na gaske, da barkono." Na tafi gida ina murna ya fara ƙorafin abinci. Da na dawo da tukunya a hannu sai na tarar da 'yan jarida sun cika ƙofa. Na kutsa na shiga. Yana kwance an ja masa mayafi zuwa ƙirji, kuma hular kokawarsa, mai rufe kai da fuska, tana kansa, an ɗaure igiyarta tsaf ta ƙeya.

Don Evaristo ne ya sa masa. Kin tuna shi, abokin kokawarsa, uban baftismar ɗanmu Lalo, wanda ya cinye miki rabin tukunyar miyar mole ranar suna. Na ce, "Evaristo, kwance masa in gan shi." Ya ce, "Maman Lalo, dubi taga." Wani mai ɗaukar hoto ne ya hau tsani yana leƙo mu.

Daga nan, Yaya, ba a sake barina da shi ni kaɗai ba. Aka kai akwatin gawar filin kokawa, mutane suka yi layi har titi, mata suna kuka kamar su suka wanke masa safa shekara da shekaru. Da hular aka binne shi. Haka ake yi wa wanda bai taɓa rasa tasa ba, na sani, ni na ɗinka ta ma. Amma ban ga fuskar mijina ba tun da ya aike ni romo.

Ga abin da nake roƙo. Ranar Matattu, da mamata ke ziyartar gidajensu, tana matsowa, kuma dole in sa hotonsa a tebur don ya gane gidansa. Na zazzage duk akwatunan gidan nan. Hotuna sun fi ɗari, kowanne da hula. A bikinmu ba mu da halin kiran mai hoto, daga baya kuma ya hana kowa ɗaukarsa fuska a buɗe, har na katin shaidarsa ya goge da yatsa saboda masu leƙe-leƙe. Lalo kuwa kin san ni ya ɗebo, ko kunnen ubansa bai ɗauko ba. Don Allah ki je wurin 'yan'uwansa can Atlixco, ko akwai wani tsohon hoto na samartaka. Ko na taron jama'a ne, in dai yana ciki.

Ki gaida Don Ramiro da yara. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Ƙanwarki,
Herminia


Unguwar Guerrero
Oktoba

Yaya Casilda,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Takardarki ta iso, da busasshen barkonon da kika aiko. Na gode. Na ji kunya da na karanta cewa har gida uku kika taka da wannan ƙafar. Tunda babu, babu. Allah ya saka miki.

Ni dai ga ni nan. Lalo yana bugo waya daga Chicago duk Lahadi, yana cewa in sa hoto mai hula kawai, ai Baba ne. Yaro bai gane ba. In na sa wannan, Zakaran Tagulla ne zai zo mini gida, yana buga ƙirji yana ɗaga hannu. Wannan na jama'a ne, yana da gidaje dubu da za su sa masa kyandir. Ni wanda nake jira shi ne mai tsoron allura, mai ɓare mini lemu yana cinye rabi.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke, fuskar tana guje mini. In na rufe ido muryarsa tana nan, hannuwansa suna nan, har tabon gwiwarsa. Amma da na ɗago zuwa wuya sai in ga jar fata da zanen tagulla. Jiya a coci na yi ta ƙoƙarin tuna ko girarsa ta hagu ce mai tsagin ko ta dama, har aka gama addu'a ban ji ko kalma ɗaya ba.

Wani mai zane a bakin kasuwa ya ce in kwatanta masa, zai zana. Na zauna na yi ta bayani, hanci kaza, haɓa kaza. Da ya juyo takardar sai ga mai burodin layinmu sak. Na biya shi na taho ina dariya, ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Kin san ni na ɗinka masa ta farko, da fatar akuya, lokacin muna ɗaki ɗaya a bayan gidan Doña Petra. Ba ni da abin awo. Sai in zaunar da shi a kujera in bi fuskarsa da yatsu, in koma kan fatar in yanka. Yana cewa, "Minia, ki bar wa hancin nan fili, ba ɗan haya ba ne." Duk lokacin da aka karya masa hancin sai na sake awo.

Evaristo ya zo sau biyu, ban buɗe ba. Ya tsaya a tsakar gida yana cewa, "Maman Lalo, ko zagina ne ki buɗe ki yi, na fi son haka." Na san ba da mugunta ya yi ba. Amma shi ya ga abin da ya kamata in gani, kuma ya rufe shi. Ki yi mini addu'a zuciyata ta yi sanyi.

Taki,
Herminia


Unguwar Guerrero
Nuwamba

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutan gida. Ina fatan kun yi Ranar Matattu lafiya, kuma kin sa wa marigayiya Inna gahawarta mai zaƙi kamar yadda take so. Zauna ki karanta wannan a hankali.

Ana jibi ranar, na kafa tebur. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na zuba furen matattu tun daga ƙofa, na sa gishiri da ruwa da burodi da 'yar kwalbar giyar mezcal. Tsakiya kuwa, wurin hoto, babu komai. Ina tsaye ina kallonsa sai aka buga ƙofa. Na ɗauka mai kyandir ce, na buɗe. Evaristo ne, da ƙunshi a hammata.

Ya ce, "Kafin ki rufe, ki sani ƙafata tana ciki, kuma ita ce mai lafiyar."

Na bar shi ya shigo. Ya zauna a bakin kujera kamar baƙo. Kin san shi ma da yana da hula, kuma Nicanor ne ya cire masa ita a wasan da suka sa hulunansu a caca, ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi sunansa na gaskiya. Ban taɓa jin ya yi maganar ba sai ranar. Ya ce, "Ni na san yadda ake ji, Maman Lalo. Washegari jarida ta buga fuskata, mai sayar da abincin tako a titi ya ce, au, ashe wannan ne? Daga nan na zama wannan. Mijinki ya kama hannuna a gadon nan ya ce, Mummuna (haka yake kirana), in abin ya zo, kada ka bari su ɗauke ni hoto baki buɗe. Na rantse masa. Ke ce ban yi tunaninki ba, wannan kam gaskiya ne."

Na ce, "To faɗa mini yadda take. Fuskar."

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Kin san yadda yake barci a mota in muna dawowa daga Puebla? Haka. Sai dai ya ɗan ɓata rai, kamar mai jiran romo an daɗe ba a kawo ba."

Yaya, na zage shi, na yi dariya, na yi kuka, duk a lokaci guda. Shi ma ya sa hannu ya rufe ido.

Sai ya kwance ƙunshin. Hular farko ce, ta fatar akuya. Na ɗauka ta daɗe da ɓata, ashe tana cikin akwatinsa a wurin motsa jiki, da ita yake atisaye duk shekarun nan don ya ce ita kaɗai ce ba ta cizonsa. Ta yi baƙi, ta bushe, tana warin gumi. Bayan Evaristo ya tafi na ce bari in goge ta kafin in adana, na juya cikinta waje yadda nake yi in zan wanke.

Ban wanke ba. Fatar ta sha guminsa ta bushe a kan fuskarsa sau ba adadi, har ta ɗauki siffarta. Ga goshin, ga ƙashin kumatu, ga hancin ya karkata dama. Na cusa tawul a ciki na tsayar da ita, na rufe ido na bi ta da yatsu kamar zan yi awo. Hannuna bai manta komai ba. A girar hagu akwai wani ɗan ƙyalle mai laushi da na taɓa liƙawa don kada ɗinki ya goge masa tsagin. Ta hagu ce, Yaya. Ina taɓa wurin sai ga shi gaba ɗaya, yana kallona yana taunar lemu.

Ita na sa a tsakiyar tebur, a juye, ɓangaren da ba wanda ya sani sai ni da shi. Masoyansa sun zo da yawa, na sa musu babban hoto mai hula a tsakar gida suka kunna kyandir, suka rera masa waƙa. Wata maƙwabciya ta leƙo ciki ta ce, "Doña Herminia, hular nan a juye take." Na ce na sani.

Na dafa romon kaza da barkonon da kika aiko, na sa masa kwano a gabanta tun yana tururi. Evaristo ya dawo ya cinye sauran tukunyar, bai canza hali ba.

In ƙafarki ta yi sauƙi ki zo kafin Kirsimeti. Zan kama hannunki in nuna miki surukinki.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Herminia