Azarar Ɗakin Inna

Zuwa ga ƙanena Sa'idu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da duwatsunka. A jarida na sa wannan, tunda wasiƙar gida sai ta yi wata uku ba ka amsa ba.

Kaset ɗinka na bara yana nan. A tsakar gidanmu na Gammo muka saurare shi, Inna tana tsinke zogale. Awa guda kana bayanin aikinka a ƙasar Turawa. Wai farkon hunturu dusar ƙanƙara kan zubo kaɗan a kan tsauni, sanyi ya mai da ita garas-garas kamar sukari, sannan mai nauyi ta zubo ta danne ta. A ido lafiya lau. Mutum na takawa, sai gefen dutse guda ya zaftare da shi. Kai ne mai haƙa rami ka duba har ƙasa, ka hana mutane hawa.

Inna ta ce, "Ashe irin ɗakina ne." Muka yi dariya, har da ni.

Ka san ɗakin. Tun zamanin tsuke bakin aljihu kwano ya gagare mu, Baba ya riƙa ƙara yaɓe a kan rufin duk shekara. Bayan rasuwarsa Malam Idi magini ya caka wuƙa a azara, ta shige kamar a kabewa. Gara ta gama da ita. Ya ce a kwashe ƙasar a sake azara. Na rubuta maka. Ka aiko cewa kar a taɓa ginin Baba, a ƙara yaɓe, in ka dawo za ka yi wa Inna na siminti. Kai ne namiji, ni aure ya kai ni Kabo, maganarka aka bi. Shekara huɗu ana ƙarawa.

Da marka, wata Talata da hantsi, Inna ta shiga ɗebo gero, rufin ya rufto mata. Kai ka ce mana a kaset wanda ƙanƙara ta binne minti kaɗan gare shi. Da fartanya da hannu aka yi ta tono har azahar.

Kawu ya ce tunda yanzu an kawo shari'a in kai ƙara. Wa zan kai? Gara?

Ni na goya ka, Sa'idu. Da sanyi a zanen Inna kake kwana, haɓarka na kaɗawa. Na ga hoton da ka haɗo da ta'aziyya, kana cikin rami har wuya, sai na kama kaina ina tsoron kar mura ta kama ka. Na ji haushin kaina.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ƙasar kabarinta ta yi mata sauƙi. Kai kuma Ya tsare ka daga abin da kake tsare wasu.

Na aika maka guntun azarar ta gidan waya. Ka duba shi da kyau, gwani, ka gaya mana ko akwai haɗari.

Yayarka,
Hadiza