Asu a Magazar Dabino

Sabha, unguwar Gurda, 9 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifina, Malam Hambali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya sa kun rage zuwa gona a ƙafa. Ni da maigidana Kamilou lafiya lau muke. Yana Tamanhint wajen aikin gini, sai ranar Juma'a yake zuwa gida.

Baba, na rubuto da hannu na ba Yacouba direba ne domin maganar ba ta talho ba ce. In na kira, gida duka ke saurare, Inna kuma ta kwana cikin damuwa.

Kun san ina aikin zaɓar dabino a magazar Alhaji Omar, ɗakin ajiyar kayansa da ke unguwar Jadid, mu bakwai, duka matan Nijar. Muna ware mai kyau mu zuba a kwali, a ajiye har azumi. Alhajin ya tsufa, bai cika zuwa ba. Ɗan wansa Mohamed ne mudir, wato shi ke kan aikin. To mako biyu ke nan wasu ƙwari suka cika mana magaza. Mohamed ya ce ƙudaje ne, wai mu muka jawo su da ƙazantarmu da miyar da muke zuwa da ita. Ya hana mu cin abinci a tsakar wurin, sai mu fita bakin titi cikin rana mu ci a tsaye.

Ni kuwa na san ba ƙuda ba ne. Ƙuda da rana yake yawo, ya sauka a kan abinci ido na ganin ido. Waɗannan da rana maƙalewa suke a bango, sai la'asar ta yi sanyi su tashi. Ƙanana ne, launin toka-toka, in na murje ɗaya gari ke zama a yatsana. A cikin wasu kwalayen na ga yana-yana kamar ta gizo-gizo, na ɓare dabino na tarar da farar tsutsa kwance a jikin ƙwallo. Asu ne, irin wanda kuka riƙa nuna mini lokacin da kuke kula da rumbun tsimi na gari.

Na faɗa wa Mohamed haka, yana jin Hausar kasuwa. Ya yi dariya ya ce an ɗauke ni in zaɓi dabino ne, ba in koya masa aiki ba. Ni dai ban ce na yi kuskure ba. Ku rubuto mini yadda kuke yi da asu a rumbu, kada ku bar komai.

Ku gaishe mini da Inna da kyau.

'Yarku,
Habibatou

Sabha, 2 ga Nuwamba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaida Inna. Amsarku ta iso, na karanta ta har sau uku. Na ji daɗin jin gwiwar ta yi sauƙi. Na kuma riƙe abin da kuka ce: a nemo inda suke ƙyanƙyashewa, galibi tsohon kaya ne, a fitar da shi a ƙone, a share, a toshe tsagar bango, kuma ko da wasa kada maganin gona ya taɓa abin da za a ci.

Takardar ta zo a makare da kwana ɗaya. Ranar Litinin Mohamed ya shigo da jarka marar rubutu da famfon feshi, irin wanda ake fesa wa itatuwa a gona. Ya ce mu buɗe kwalaye mu fesa a kan dabinon, wai kafin azumi warin ya fita. Tun da ya buɗe murfin na ji warin ya hau mini kai. Na ce ba zan taɓa ba. Ya miƙa wa Maïmouna, ƙawata 'yar Tanout, ita kuma tsoro ya hana ta musu. Ba ƙyalle a hancinta, ba komai a hannunta. Ta yi kwali arba'in, sai ta zauna a ƙasa ta fara amai, gumi na zuba, miyau na dalala, jikinta na karkarwa.

Baba, ban san lokacin da na fizge famfon na jefar waje ba. Muka tuɓe mata rigar sama, muka wanke ta da ruwa da sabulu, wata mota ta kai mu asibiti. Da na dawo na tarar Mohamed yana so wata ta ci gaba da feshin. Na tsaya a ƙofar magaza na ce sai dai ya bi ta kaina. Ya ce zai kira mini shurɗa, 'yan sandan nan, su duba takarduna. Ya san takarduna ba su cika ba. Amma ban gusa ba. Na ce masa: “Kira su. Zan nuna musu takarduna, kai kuma ka nuna musu jarkarka.”

Bai kira ba. Ya dai kore ni a gaban kowa.

Kamilou ya zo ranar Juma'a ya ji labari, hankalinsa ya tashi. Ya ce mu baƙi ne, in an kwashe mu ba mai tambaya, in yi shiru. Ban ga laifinsa ba. Amma dabinon nan har Agadas ake kai shi, daga can ya gangara Tessaoua. Ina tunanin Inna ta saya ta ba yaran gida da shan ruwa, sai in ji ba zan iya shirun ba.

Ranar da ya kore ni, kafin in tafi, na zagaya bayan magaza. Akwai wani ɗan ɗaki da aka jibge buhunan dabinon bara, wanda aka ce za a ba tumaki aka manta. Bangonsa ɗaya da magaza, kuma a tsage yake. Na cika kwalba da abin da na gani a ciki. Tana nan a ɗakina, na san inda zan kai ta.

Ku sa ni a addu'a.

'Yarku,
Habibatou

Sabha, 28 ga Nuwamba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kuna lafiya, ku da Inna, kuma an gama shigar da hatsi lafiya. Mu nan sanyi ya fara, amma alhamdu lillahi. Takardarku ta biyu ta same ni. Zan zo kanta, bari in fara gaya muku abin da ya faru.

Na ɗauki kwalbar na tafi gidan Alhaji Omar, na nemi ganin matarsa, Hajiya Moufida. Kakarta 'yar Agadas ce, don haka tana jin Hausa. Sun bar ni a ƙofa kusan sa'a biyu, na ƙi tafiya. Da ta fito na ajiye mata kwalbar, na ɓare dabino ɗaya a gabanta, na gaya mata labarin Maïmouna da kwalaye arba'in. Ta tambaye ni ko zan iya maimaita wannan a gaban Mohamed. Na ce ko a gaban wa.

Washegari da safe ta zo magaza ita da Alhajin. Na kai su ɗan ɗakin nan. Da aka ɗaga buhun farko, asu ya tashi kamar hayaƙi, sai da Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Mohamed ya ce bai fesa komai a kan dabino ba. Sai Alhajin ya sa aka sauko da kwali ɗaya daga cikin arba'in ɗin, ya sunsuna, ya miƙa masa ya ce ya ci ƙwaya ɗaya. Ya ƙi karɓa.

An haƙa rami can wajen gari an binne kwalaye arba'in ɗin duka. An ƙone buhunan bara. Ni na nuna musu yadda za a yi sauran, kamar yadda kuka rubuto: aka fitar da kaya, aka share har saman rufi, aka toshe tsaga da siminti, aka sa raga a tagogi. Dabinon da ya rage aka kai ɗakin ƙanƙara ya yi kwana goma, don sanyi ya kashe ƙwai da tsutsa. Aka rataya takardu masu danƙo a kusurwoyi. Matan sun ce makon farko takardun sun cika, wannan makon uku kawai suka kama. An kuma bar su su ci abincinsu a inuwa.

Amma Mohamed yana nan a kan aikinsa, jininsu ne. Alhajin ya aiko cewa in koma, da sharaɗi ɗaya: in ba Mohamed haƙuri a gaban ma'aikata, wai na zubar masa da mutunci. Kamilou ya gaya muku ta talho, shi ya sa kuka rubuto cewa in yi haƙuri in sunkuyar da kai, ɗiya mace a ƙasar wasu ba ta ja da masu gida.

Baba, tun tasowata ban taɓa tsallake maganarku ba. Na san tsoro kuke ji mini, ni ma ina jin sa. Amma jiya na je gaida Maïmouna. An sallame ta, sai dai har yanzu hannunta na rawa, sai da na riƙe mata kofi ta sha shayi. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri. In na tsaya gaban matan nan na ce na yi laifi, gobe aka sake kawo jarka, ba wadda za ta iya cewa a'a.

Na aika wa Alhaji cewa na gode, ba zan koma ba. Wani mai gidan burodi a nan Gurda ya ji labari, ya ce in zo ranar Asabar in duba masa ɗakin fulawa, wasu ƙwari sun dame shi. Ban san ko zai zama aiki ba. Zan je in gani.

Ku gafarce ni, ku kuma roƙa mini Inna. In za ku yi mini faɗa, ku yi, zan karanta har ƙarshe. Amma haƙurin nan ba zan ba da shi ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

'Yarku mai ƙaunarku,
Habibatou Hambali