Ciwon ƙodar ɗana, Inna ta ɗauka wasana ne

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin ka rufa min asiri ka cire sunana, ko da yake wanda ya taɓa shan shayi a Kwanar Dangora zai iya gane ni kafin ya kai layi na uku. Don Allah ku ba ni shawara, yau ba da wasa na zo ba.

Ni mutum ne mai barkwanci, haka Allah ya yi ni. In na ga ɓera sai in ce ɗan maraƙi na gani, in an yi yayyafi sai in ce a kwale-kwale na je masallaci. Direbobi ma ba shayin ke tsayar da su a teburina ba, labarin ne. Kuma labarin da ya fi kawo min ciniki shi ne na haihuwar ɗana na fari. Bakwaini ne, da ƙyar ya wuce kilo ɗaya, wannan kam ba ƙari. Amma in na tashi bayarwa sai in ce ranar suna sai da aka ɗaga tabarma ana nemansa. Ya yi makonni a kwalbar asibiti, da aka sallamo shi da uwarsa sai mahaifiyata, Inna, ta naɗe shi a auduga, tana ɗiga masa nonon uwarsa da cokali. Da aka yaye shi ta riƙe abinta, yana wajenta a Tiga har yau. Kun san yadda muke da ɗan fari, ni ko sunansa ban taɓa kira ba, Yaron Inna nake cewa.

Yanzu yana shekara goma sha huɗu, a ido garau, yana buga ƙwallo, yana taya baffansa ban-ruwa a lambu. Kwanakin baya zazzaɓi ya kama shi, na kai shi asibiti, aka auna aka ce jininsa ya hau. Na ce wa nas ɗin, yaron da ba mata, ba kuɗin cefane, me zai hau masa da jini? Ba ta yi dariya ba. Aka gwada fitsari, aka tura mu Kano. Tambayar farko da likitan can ya yi min ita ce da wane nauyi aka haife shi. Ya ce ƙoda tana da wasu 'yan rariyoyi masu tace jini, sai ƙarshen ciki suke gama haɗuwa, yaron da ya fito da wuri sau da yawa nasa ba su cika ba, sai 'yan kaɗan ɗin su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu, shiru ba ciwo, sai jiki ya fara girma abin ya nuna. Ya ce ba ta lalace ba tukuna, amma ta fara gajiya. Ya ba da ƙwayar sha kullum, ya ce a rage gishiri da magi, a bar kanwa da jiƙe-jiƙe da maganin ciwon jiki na kemis, a riƙa dawo da shi awo.

Na je Tiga na durƙusa na yi wa Inna bayani tiryan-tiryan. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi dariya har da share hawaye, ta ce wannan karon na ƙware, wai har da rariya a cikin mutum kamar mai tankaɗen gari. Na ce wallahi gaskiya ne, ta ce ai ranar da na ce kifin dam ya ja babur ɗina ma da wannan fuskar na faɗa. Ta ce hawan jini ciwon tsofaffi ne, ita da ta haife ni ma ba ta da shi. Ta ce lokacin da asibiti suka ce mu dage da addu'a, wa ya raya mata angonta in ba ita ba, kunun kanwa da jiƙon saiwa ne suka tsayar da shi da ƙafafunsa, ba wanda zai mayar mata da shi majinyaci. Ƙwayar kuwa ta jefa ta a kwalla ta rufe.

Na tura ƙanwata, Inna ta ce ni na kitsa mata. Na roƙi limaminsu, shi ma sai da ya ƙare min kallo kafin ya yarda ya je, ta tare shi da “Malam, har da kai ya ruɗa?” Uwar yaron kuwa kunyarta ta fi tawa, ba ta iya buɗe baki kan ɗan fari a gaban suruka, sai dai ta shige ɗaki ta yi kukanta. Na ce to Inna ta zo ta ji daga bakin likita, ta ce ita da mota sai in Makka za a kai ta.

Abin da ya rage shi ne in ɗauke shi ya dawo gabana. Amma idon Inna ya yi rauni, shi ke ɗebo mata ruwa, kuma tun rasuwar mahaifina, da shi kaɗai take hira. In na raba su dangi za su ce na yi rashin kunya biyu, na ƙwace ɗan fari na kuma sa uwata kuka, ga shi ina tsoron bakinta. In na bar shi, kullum da safe kofin jiƙo na jiransa.

Ranar Juma'a da na je Tiga, yaron ya rako ni bakin titi zan hau mota, muna tsaye ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, maganar ƙodar nan, da gaske ce ko irin taka ce?” Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji fuskata ta yi murmushin nan da ta saba, ita da kanta. Ya gani, ya yi dariya, ya ce “Ai na sani,” ya juya da gudu wajen 'yan ƙwallo.

Jama'a, in ɗauke shi ko da Inna za ta yi fushi da ni, ko akwai hanyar da ban gani ba? Yaya mutum irina zai yi a yarda da shi, ko sau ɗaya ne?